Tsadar hatsi: a sayar da tiya, ba buhu ba

Ya Mai Girma Edita,

Ina so in yi tsokaci kan shirin sayar da cimaka a farashi mai rahusa da OPVN, hukumar kula da cimaka ta ƙasar Nijar, ke gudanarwa. Niyya ce mai kyau, kamar yadda hana fitar da hatsi waje a Oktoban 2024 ya kasance.

Sai dai a nan Tawa, magidanci nawa ne ke da kuɗin buhu a hannu? Ɗan kabu-kabu da mai wankau abin da suka samu yau shi za a ɗora a tukunya yau, tiya ɗaya ko rabi. Mai jari shi ke iya ɗaukar buhu, wani ma ya mayar kasuwa.

Shawarata, a buɗe rumfuna unguwa-unguwa, a riƙa auna wa mutane da tiya, masu unguwanni suna sa ido.

Naku,
Wani mai karatu daga Tawa