A biya bashi kafin a kai buhu gaban majami'a

Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Kirista na jihar Katsina, musamman mu Hausawa na Malumfashi, Kafur, Matazu, Funtua da waɗanda aiki ko kasuwa ta kawo mu cikin birni. Na san wasu za su ce me ya sa ban kai maganar wajen dattawan ikilisiya ba sai jarida, to ai abin a kasuwa ake yin shi, ba a ɓoye yake ba.

Kaka ta ƙarato, kwanan nan za a fara sujadar godiya, kowa ya ɗauko buhun masara ko dawa ana kiɗa ana rawa har gaban bagade. Ban ƙi ba, ni ma ina kaiwa. Amma akwai wani ɗan uwa a unguwarmu da ya karɓi taki bashi wajen maƙwabcinshi Musulmi da damina, da alkawarin in an yi girbi zai biya. Aka yi girbi, mai takin ya yi ta sintiri, yau a ce ya fita gobe a ce bai jin daɗi, sai ranar godiya aka ji sunanshi a lasifika ya kawo buhu biyu, kuma mai takin na zaune ƙofar gidanshi yana ji. Abin da ya ce kawai shi ne, ashe dai an samu. Tun daga ranar duk wani Kirista a layin nan da ya je neman bashi sai an yi mashi kallon biyu, wake ɗaya dai ya ɓata gari.

Bashi hanji ne yana cikin kowa, da tsadar nan ba wanda ya tsira, ba cin bashin nake zargi ba. Ɓuya da ƙarya da kashe waya su ne matsalar. Haka masu ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masu noma tun safe har la'asar sannan a ce su dawo ranar kasuwa, alhali Yakubu sura 5 ta faɗa ƙarara cewa hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Ga masu tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban wadda aka bubbuge gindinta, ga masu zuba hatsi mai kyau a bakin buhu ƙasa kuma duk ƙaiƙayi da tsakuwa. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. 'Yan uwanmu masu kaki da ke tsayawa kan hanya su ma su duba Luka sura 3, da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi, bai ce su ƙara azumi ba, cewa ya yi kada su ƙwaci kuɗin kowa, albashinsu ya ishe su.

Kuma ba mu da uzurin rashin sani fa. Tun 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da ba su ji Turanci ba da shi suka koyi karatu. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da suka zauna Babbar Ruga kusa da birnin Katsina tun shekarun 1930 ai da wanke miki da ɗaure ƙafar kutare mutane suka san su kafin su ji wa'azinsu. Yanzu mun yi yawa, ga ECWA ga Angilikan ga Baftis, a 2023 Katolika ma ta samu dayosis ɗin Katsina, aka naɗa ɗan Malumfashi Gerald Mamman Musa bishop na farko, mun yi murna sosai. Ginin ya ƙaru, ankon ya ƙaru, kwanan addu'a kusan duk wata, amana ce nake ganin tana ja da baya.

Na san muna da koke, maganar filin gina majami'a da malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, gaskiya ne kuma a ci gaba da faɗa. Sai dai wannan bai hana ka cika tiya.

Akwai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata kusa da mu, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take saidawa, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Ita ce uwar adashin matan layin gaba ɗaya, kuma yawancinsu matan aure ne Musulmi da ba su fita, yara suke aikowa da zubi. Cikin wani tsohon gwangwanin madara take ajiye kuɗin, ranar kwasa ko jikanta na kwance asibiti ba ta taɓa ko naira ɗaya ta wani ba. In ta ce kwalba ta cika to ta cika. Ban taɓa jin ta yi ma kowa wa'azi ba, amma in rigima ta tashi tsakanin matan ita ake kira.

Roƙona ga fastoci da dattawa shi ne, sati biyu kafin godiyar bana a sanar daga kan bagade cewa duk wanda ake bi kuɗin taki ko na ƙwadago ko zubin adashi ya je ya biya, ko aƙalla ya je da ƙafarshi ya nemi a ɗaga mashi. Yesu da kanshi ya ce a Matiyu 5 in ka kawo baiko ka tuna ɗan uwanka na da wata magana a kanka, ka aje baikon ka je ku shirya tukuna. In buhunan da za a tara bana sun ragu sabida haka, ma'aji ya yi haƙuri.

Naku,
Wani mai karatu daga Kofar Kaura, Katsina