Wasiƙa Kan Hester da Limaminta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, na san shirun ya yi tsawo, to amma gardamar nan tamu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na kammala littafin Nathaniel Hawthorne, The Scarlet Letter, wanda ka dame ni sai na karanta, kuma ina sanar da kai cewa tausayin da kake ji wa limamin cocin nan, Dimmesdale, ko kaɗan bai kama ni ba. Da ma na san halinka, duk inda aka sami mai wa'azi mai zaƙin baki, kai ne lauyansa.

Ka tuna da farkon labarin a garin Boston na Amurka a shekarar 1642, lokacin da aka fito da Hester Prynne daga kurkuku tana rungume da jaririya, aka tsayar da ita awa uku a kan dandamali a tsakiyar kasuwa, da jan harafin A a ƙirjin rigarta, alamar cewa matar aure ce ta yi zina. Wa aka ce ya yi mata nasiha ta faɗi sunan wanda ya yi mata ciki? Mai cikin da kansa, wato Dimmesdale! Ya tsaya a cikin manyan gari yana roƙonta ta tona asirin da shi ya kasa tonawa, da ta ƙi kuma sai ya yi ajiyar zuciya. Cikin da ta ɗauka shi ya ba da shaida a kanta, shi kuwa ba abin da ya nuna a jikinsa, saboda haka ya shekara bakwai yana hawa mumbari.

Za ka ce ai ya sha azaba a ɓoye, yana tsala wa kansa bulala, yana azumi har jiki ya rame, ga kuma mijin Hester, Chillingworth, wanda ya ɓoye sunansa ya zama likitansa, ya tare gida ɗaya da shi yana cin sa a hankali. Ban musa ba. Sai dai ka dubi irin tubar tasa. Yakan faɗa wa jama'a cewa shi ne mafi zunubi a cikinsu, alhali ya san sarai tawali'u za su ɗauke ta, su ƙara girmama shi. Ya hau dandamalin nan da tsakar dare, sa'ad da kowa ke barci, kuma da 'yarsa Pearl ta nemi ya tsaya tare da su gobe da tsakar rana, sai ya ƙi. Har a dajin nan da Hester ta cire harafin ta jefar, ta saki gashinta, suka shirya guduwa Turai, abin da ya faranta masa rai daga baya shi ne jirgin ruwan ba zai tashi ba sai ya gabatar da babbar huɗubarsa ta ranar naɗa sabon gwamna. Wannan ne masoyin da kake so in zubar wa hawaye? Bai buɗe baki ba sai da ya ga mutuwa muraran, lokacin da faɗar gaskiya ba za ta rage shi da komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne mutanen garin. Hester gwanar allura ce, kuma da ita suke ado: ita ke ɗinka kayan gwamna, da hular jarirai, da likkafanin mamata, amma ba a taɓa ba ta mayafin amarya ta yi wa aiki ba. Suna cin moriyar hannunta, suna kuma nuna ta da yatsa a wa'azi.

Kada ka ɗauka Hawthorne ya zuzuta tsananin 'yan Furitan, wato Kiristoci masu tsauri a addini da ke mulkin Boston a lokacin. Dokar Masacusets, yankin da Boston take, ta 1641 kisa ta tanada wa zina da matar aure, kuma a 1644 an kashe Mary Latham da James Britton a Boston a kan wannan laifi. Dokar ɗinka harafin A a tufa sai a 1694 aka kafa ta a can, wato marubucin ya jawo ta baya ne. Shi ma ba baƙo ba ne a lamarin, domin kakan kakansa, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita ta garin Salem na Masacusets a 1692. Ina ganin nauyin wannan gado ne ya sa, da ya fitar da littafin a 1850, ya fi tsananta wa masu hukunci a kan waɗanda aka hukunta.

Abu ɗaya nake so ka warware mini, tunda kai ne malamin. Bayan Dimmesdale ya mutu, Chillingworth ya bi shi, Pearl ta gāji dukiya sun bar ƙasar, me ya sa Hester ta dawo Boston don kanta, ta sake maƙala harafin da babu mai tilasta mata? Ni a ganina ba biyayya ga hukuncinsu ba ce, ko da yake na san za ka ce nadama ce. Ka rubuto da hujjarka, kada ka jira sai mun haɗu.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka