Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: an dawo da darasin Tarihi, ina littattafan?

Mai girma Minista, Dakta Tunji Alausa, barka da aiki.

A Satumban 2025 ma'aikatarka ta sanar cewa Tarihin Najeriya ya zama darasin dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Mun yi murna, amma da sauran ɗari-ɗari, domin a Nuwamban 2022 ma an yi irin wannan shela, har aka ce za a horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Darasin da aka zare daga manhaja tun wajen 2009 ya sha dawowa a bakin lasifika. Abin da muke jira shi ne littafin da malami zai buɗe ranar da yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya raba Sardauna da Malam Aminu Kano?"

Ka san abin da ke ƙasa. Akwai manyan ayyuka: na John Paden kan Sardauna (1986), na Trevor Clark kan Tafawa Ɓalewa (1991), na Alan Feinstein kan Malam Aminu (1973). Duk da Turanci, duk baƙi ne suka rubuta, biyun farko kuma masu kaurin da ɗan shekara goma sha uku ba zai iya kai ƙarshensu ba. A ɗaya ɓangaren akwai littattafan ƙaddamarwa, waɗanda ake haɗawa cikin 'yan watanni don ranar da manya za su taru a yi gwanjon kwafi. Babu madogara, babu ta bakin abokin hamayya, kirari ne daga bango zuwa bango. Tsakanin waɗannan biyun ne ɗalibi ya faɗa rami.

Tsoronmu shi ne littattafan makaranta su bi hanyar da ba ta ɓata wa kowa rai: an haife shi a kaza, ya yi makaranta a kaza, ya riƙe muƙami kaza, ya rasu. To a wannan tsari ina za a saka Rabeh? Ya faɗi a hannun Faransawa a Kusuri a 1900, shi ya sa wasu ke masa kallon gwarzo, amma shi ne ya ragargaza Kukawa, babban birnin Borno, a 1893. Ina za a saka Sarkin Musulmi Attahiru da ya zaɓi hijira har ya kwanta dama a Burmi a 1903, alhali Waziri Buhari ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu da Turawa, kowannensu da hujjarsa ta addini? Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 bayan binciken Baturen gwamnati Muffett kan kuɗin En'e, ya koma Azare. Wasu na cewa batun kuɗi ne, wasu na cewa ƙarfinsa ne ya tsone wa gwamnatin Arewa da ke Kaduna ido. Littafin da ya kawo ɗaya ya binne ɗaya ya cuci yaron. Wanda ya tsallake duka ya miƙa shi ga WhatsApp da TikTok, inda ake koyar da juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 kullum ba tare da izinin kowa ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ce ke tantance littattafan makaranta, sai ta gindaya sharaɗi. Kowane tarihin shugaba ya zama shafi 48 ko 64, tunda maɗaba'a na buga shafi 16 ne a babbar takarda guda, kuma kuɗin takarda ne ke cinye farashin littafi. Duk wata magana mai nauyi a nuna inda aka samo ta: fayil a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, takarda a Gidan Arewa, ko abin da ke Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu, a Kano. Masu duba rubutun su zama biyu, kuma kada su fito daga tsangaya ɗaya. A nan ne marubuta ke yawan zamewa: su dogara da Gaskiya Ta Fi Kwabo kaɗai. Ta fara fitowa a 1939, taska ce babu shakka, amma jaridar hukuma ce. Mai neman ta bakin 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu, da ta Hajiya Gambo Sawaba sai ya haɗa da waƙoƙin siyasa, da takardun kotunan alƙalai, da hira da waɗanda suka ga abin. Wanda ke da shekara 20 a zaɓen 1959 yau ya haura 85. Don Allah, ranka ya daɗe, a tura masu naɗar murya kafin a gama kafa kwamiti.

Iyalan shugaba a ji ta bakinsu, a karɓi hotuna da wasiƙu daga gare su, amma kada a ba su jan biro. Da zarar iyali ko fada sun samu ikon goge layi, an koma littafin ƙaddamarwa.

Sai batun harshe. A Nuwamban 2025 ka soke tsarin koyarwa da harshen uwa. Madalla, yanzu ɗan aji uku a Gumel zai fahimci rikicin NPC, jam'iyyar Sardauna, da NEPU cikin Turancin da bai gama koyon gaisuwa da shi ba. Ko da wannan hukunci ya zauna, bai hana a buga littattafan karatu da Hausa, Yarbanci, Igbo da Kanuri don ɗakin karatu ba. NORLA, hukumar adabi ta Arewa, ta yi irin wannan aiki a Zariya tun shekarun 1950, da kayan aikin da ba su kai na yau ba. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, na da asusun tallafa wa wallafa littattafai, UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya, kuma ta saba sayen littattafai tana rabawa jihohi.

Muna roƙon a bayyana wa jama'a jerin littattafan Tarihi da aka amince da su, da sunayen waɗanda suka duba su, kafin a shiga sabon zangon karatu.

Naka,
Wasu malaman Tarihi da masu gyaran littattafai.