Amsa ga Alhajin da ya tambayi wa zai riƙe rediyon al'umma

Assalamu alaikum Alhaji, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

A taron ƙungiyar ci gaban garinku ka miƙe gaban jama'a ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Cewa ka yi gidajen FM sun cika ƙasa, kowane yaro da waya a hannunsa, to me rediyon al'umma zai ƙara, kuma in an buɗe shi wa zai riƙe shi?

Birane gidajen FM suka cika, Alhaji, ba ƙasa ba. Tun da aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta biyo baya a Kano a 2003, duk mai zuba kuɗinsa a rediyo inda talla take nan yake nufa. Ban ga laifinsu ba, kasuwa suka fito ci. Sai dai wanda sansa ya ɓace ranar kasuwar ƙauye ba zai hau mota zuwa babban birnin jiha don ya ba da cigiya ba. Ranar da malaman dabbobi za su zo allura, gadar da ruwa ya cinye jiya da dare, yadda tiyar gero ta kwana, duk waɗannan ba labarai ba ne a wurin babbar tasha, amma su ne labaran gari. Ga kuma mai jin Bolanci ko Dakarci ko Fulatanci, wanda rediyon jiha ke yaga wa ɗan lokaci a mako kamar ana ba shi sadaka.

Waya kuwa sai da caji, sai da data, sai da sabis. A watan Satumba na 2021 an toshe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, haka ma wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Akwatin rediyo mai batir biyu bai daina magana ba.

A wannan fanni maƙwabta sun yi mana nisa. A Nijar, tashar Bankilare ta fara aiki tun 1999 da hasken rana, yau kuma tashoshin karkara a can sun haura ɗari. A Gana, Radio Ada tana magana da mutanenta da harshen Dangme tun 1998. Mu nan an fara fafutuka a 2003, Shugaba Jonathan ya ce a 2010 an sakar wa NBC ikon ba da lasisi, amma sai 2015 aka ga lasisi 17 sun fito, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Cikinsu har da na Kutigi a Jihar Neja, inda Nufawa suka tsaya da ƙafarsu. Ɗaya daga cikin dalilan wannan jan ƙafa shi ne sashe na 39 na tsarin mulki, wanda ya rataya mallakar tasha a kan yardar shugaban ƙasa. Ƙauyen da ke son na'urar da muryarta ba ta wuce 'yan garuruwan kewaye ba, takardarsa sai ta bi layi a Abuja.

Yanzu ga inda tambayarka ta fi nauyi. Buɗe tasha ba wuya. Wata ƙungiya daga waje za ta kawo na'ura, a yanka kyalle, a yi hotuna, a watse. Na shiga irin wannan ɗakin watsa shirye-shirye bayan biki ya wuce: bango an liƙe shi da kwalin ƙwai don kada murya ta yi amo, makirfo ɗaya an ɗaure wuyansa da salatif, yarinyar da ke gabatar da shirin mata tana magana idonta na kan ƙofa, domin an ce mata man da ke cikin janareta ba zai kai ƙarshen shiri ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. Ma'aikatan kuma 'yan sa kai ne, malamin firamare, ungozoma, ɗalibi mai jiran sakamako. Duk wanda ya goge a cikinsu, babbar tasha ta ɗauke shi, ko ya koma acaɓa.

A daidai wannan gaɓa ce ɗan siyasa yake shigowa da jarkar mai a bayan mota. Doka ta hana ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana ciyaman sayen mai ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Kafin a ankara, filin da manoma ke kiran waya su yi ƙorafin taki ya koma hannun sojojin baka. Ni a wurina gara tashar da ta mutu da wadda ta rayu a haka, domin ta farkon ba ta yaudarar kowa.

Don haka in ana maganar tallafi a matakin ƙasa, wuta ce farko. Ƙaramar na'urar watsa shiri ba ta da cin wuta sosai, faranten sola da batura masu kyau za su raba ta da roƙon mai. Sai a horar da yaro ɗaya ko biyu a kowace tasha su iya gyara, don kada tsawa ɗaya ta damina ta rufe gida wata uku ana jiran injiniya daga birni.

Sannan a kafa asusu mai doka. Afirka ta Kudu ta yi haka da hukumar MDDA da ta kafa da dokar 2002, gwamnati na zubawa, manyan gidajen rediyo da talabijin na zubawa, ana raba wa ƙananan kafafe bisa ƙa'ida. Kuɗin da ya fito ta ƙa'ida ba ya sa edita zuwa gaisuwa gidan kowa. Ma'aikatun lafiya da na gona su ma su daina aiko da sanarwar rigakafi suna cewa a taimaka a sa kyauta don ai aikin al'umma ne, alhali sun biya manyan tashoshi. Hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet da binciken NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Zariya, a riƙa mayar da su shirye-shirye ana raba wa tashoshi, kamar yadda Studio Kalangou ke shirya labarai a Yamai tun 2016 abokan hulɗarta na karkara suna watsawa.

Amma ko duk an yi waɗannan, Alhaji, abincin yau da kullum daga gare ku zai fito. Katin gaisuwa, sanarwar ɗaurin aure da suna, ɗan abin da mahauta da 'yan tireda da direbobin tasha za su ɗauka duk wata, tiya ɗaya daga kowane gida in kaka ta yi. A kwamitin gudanarwa a sa mata da makiyaya da matasa, ba masu manyan riguna kaɗai ba (ka yi mini afuwa, na san kana cikinsu). Ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a rediyon, kowa ya ji da kunnensa.

Na ji ana cewa ƙungiyarku ta fara neman fili don gini. Ku dakata da bulo tukuna, ɗaki biyu na aro sun isa. Ku fara rubuta sunayen waɗanda suka yarda za su riƙa biya duk wata da abin da kowa ya ɗauka, ku lissafa ko zai riƙe alawus da gyara na shekara guda. In ya kai, ku aiko mini, zan zauna da sakatarenku mu cike takardun NBC tare.

Wassalam. Allah ya ƙara girma.

Ƙaninka,
tsohon ma'aikacin rediyo