Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata Katolika ta Ikklisiyarmu na Shekarar 2025

Fada, limaminmu mai kula da Zumunta, Malam Katikis mai koyar da addini, Uwar Zumunta da sauran shugabanni, iyayena da 'yan'uwana mata, salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku duka. Kwamiti ya ɗora mini alhakin rubuta rahoton bana a matsayina na Sakatariyar Kuɗi, domin yawancin abin da muka iya yi da abin da ya gagare mu a wannan shekara yana komawa ne ga maganar asusu. Lissafin shige da fice dalla-dalla yana cikin takardar da Ma'aji za ta karanta bayan na zauna.

An gudanar da taron mako-mako da na wata kamar yadda aka saba, an riƙe sharar majami'a ta ranar Asabar, kuma mun jagoranci Hanyar Gicciye a Juma'o'in da aka ba mu cikin Azumin kwana arba'in kafin Ista, da addu'ar Rosari a watannin Mayu da Oktoba. Mu ne kuma muka yi waƙa a Misar da aka yi wa marigayi Paparoma Francis, wanda ya rasu ranar 21 ga Afrilu, washegarin Ista.

Game da kuɗin wata, waɗanda suka biya nasu cif daga Janairu zuwa Disamba ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba, kuma akwai waɗanda ban rubuta komai a gaban sunansu ba tun bara. Na san halin da ake ciki, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 babu gidan da tsadar rayuwa ba ta shiga ba, har da nawa. Sai dai duk wadda ta buɗe littafin za ta ga cewa ba masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi bashi ba. Akwai iyayenmu gwauraye masu sayar da daddawa da ƙuli-ƙuli waɗanda ranar Lahadin farko ta wata ba ta wuce su, suna kwance bakin zane su ƙirgo mini tsofaffin takardun naira ɗaya bayan ɗaya, su tsaya har sai sun ga na rubuta. A gefe guda kuma akwai masu albashi da masu shago da kullum amsarsu ita ce za su turo ta waya, amma har yau saƙon bai shigo ba. Bin mutum a bakin ƙofar majami'a bayan Misa da littafi a hannu ba abin daɗi ba ne, kuma ya kai ga wasu sun fara sauya hanya idan sun hango ni, alhali kuɗin ba aljihuna yake shiga ba.

Wannan giɓi ne ya sa kason da muke biya a matakin Dayosis, wato yankin ikklisiyoyin da ke ƙarƙashin Bishop ɗaya, ya makara, har sai da wasu cikin shugabanni suka ranta mana daga nasu, kuma ba a gama mayar musu ba. Ya kamata mu tuna cewa Dayosis ɗinmu na Katsina a 2023 aka cire shi daga na Sakkwato, aka naɗa mana Bishop Gerald Mamman Musa, saboda haka har yanzu gini ake yi daga tushe, kuma bai dace a ce Zumuntarmu ce ake jira ba. Haka ma kuɗin zanen yunifom: wasu sun karɓa bashi, sun ɗinka, suna sawa duk wani biki, amma ba su biya ba.

Na ji maganganu da yawa a kan masarar da muka ajiye, don haka wajibi ne in yi bayani. A kakar 2024 babban taro ne ya amince, da ɗaga hannu, cewa a ɗauki wani kaso na asusu a sayi masara a adana zuwa damina, kamar yadda muka taɓa yi muka samu riba, kuma wannan shawara tana rubuce a littafin Sakatariya. Abin da ya faru a 2025 kowa ya gani a kasuwa: maimakon hatsi ya tashi da shigowar damina, sai ya yi ta sauka, manoma da 'yan kasuwar da suka fi mu sanin harkar ma sun tafka asara. Mun jira ko farashi zai gyaru, bai gyaru ba, ga kuɗin hayar ɗaki da na maganin ƙwari suna tafiya, don haka kwamiti ya sayar da mafi yawa ƙasa da yadda aka saya. Babu buhun da ya ɓata, kuma takardun saye da na sayarwa suna wurin Ma'aji ga duk mai son dubawa. Ya fi kyau a zo a duba da a riƙa zancen a bayan ido.

Ɗakin ajiyar tukwane da kujeru da muka fara a bayan majami'a yana nan a inda ya tsaya, an kai ginin linta amma babu rufi, domin da ribar masarar aka yi niyyar sayen kwano da katako. Kwamiti ya ƙi taɓa kuɗin jinya da na ta'aziyya don a rufa ɗaki, kuma ina ganin daidai aka yi. Ziyarar majami'un ƙauye ita ma ba ta cika ba, musamman cikin damina, saboda matsalar 'yan bindiga a wasu hanyoyin, kuma Fada da kansa ya ba da shawarar a dakata. Mun dai aika da gaisuwa da ɗan abin da ya samu ta hannun katikis-katikis nasu.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne Ranar Matalauta ta Duniya, wadda Paparoma Francis ya kafa aka fara kiyaye ta a 2017, ta kuma faɗo ranar Lahadi 16 ga Nuwamba, cikin Shekarar Jubili, wato shekara mai tsarki ta Katolika. Tun da asusu ba shi da ƙarfi, sai Uwar Zumunta ta kawo shawarar kada a nemi kuɗi, kowace mace ta kawo abin da ke gidanta. Cikin makonni biyu barandar gidan Malam Katikis ta cika da tiyoyin shinkafa, wake, dawa, busasshiyar kuɓewa, kuka, manja da itacen girki, wasu kuma suka kawo zannuwa da kayan yara wankakku a ninke. Ragowar masarar da ba a sayar ba aka kai inji aka niƙa, aka ƙulla a leda-leda.

Daren Asabar matan da suka yi alkawarin aiki sun kwana a harabar majami'a, ana tsince shinkafa da hasken tocila ana rera waƙoƙin Zumunta, kuma kafin ƙararrawar Misar farko tukwane sun hau wuta. Matasa sun ɗebo mana ruwa sun kafa rumfuna, Zumuntar Maza ta ba da akuya biyu, 'yan kwaya kuma suka bar mana waƙar baiko, wato ta lokacin miƙa sadaka, muka shiga da tulu da kacau-kacau har majami'a ta ɗauka gaba ɗaya. Bayan Misa ba a jera baƙinmu a layi ba. An zaunar da su a kan kujeru, gwauraye da marayu da tsofaffi da iyalan da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro, shugabanni da kansu suka zuba musu ruwan wanke hannu suka kai musu abinci, Fada ma ya ja kujera ya ci tare da su. Mun kuma aika da kwanuka ga maƙwabtanmu Musulmi mabuƙata da ke unguwar, kuma mai unguwa ya aiko da godiya washegari. Wata tsohuwa da ta shekara ba ta iya fitowa saboda ciwon ƙafa, matasa ne suka ɗauko ta a babur, ta karɓi Jibin Ubangiji, ta ci abinci, sannan ta roƙi a mayar da sunanta cikin rajista. Da yamma waɗanda ba su iya zuwa ba an bi su gida da nasu kason, kuma ba a ci bashin ko kwabo ba a kan wannan hidima. Muna godiya ga duk wadda ta sa hannu.

Dole ne kuma in faɗa cewa fuskokin da suka kwana a bakin murhu su ne dai masu shara, su ne masu zuwa asibiti da gidan makoki, su ne kuma masu biyan kuɗin wata. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar da za a sa yunifom a ɗauki hoto, ko ranar da biki ko rasuwa ta same su, sannan su zo suna tambayar abin da Zumunta za ta ba su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ba adalci ba ne a riƙa ɗiban gumin gwauraye ana yi wa wadda ta fi su hali gudummawa.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da cewa duk mai bashin kuɗin wata ko na yunifom ta biya kafin Larabar Toka, 18 ga Fabrairu, 2026, ko ta zo ta gana da Uwar Zumunta a asirce idan da wani dalili, domin a tsara mata biya kaɗan-kaɗan. Wadda ba ta yi ko ɗaya ba, za a ci gaba da ziyartarta da yi mata addu'a, amma za a dakatar da gudummawar kuɗi daga asusu har sai ta daidaita. Abin da aka tara za a fara mayar wa shugabannin da suka ranta mana, ragowar kuma a sayi kwanon rufin ɗakin ajiya kafin ruwan farko. Zan kasance da littafin a ƙarƙashin bishiyar darbejiya bayan kowace Misa ta Lahadi.

Sakatariyar Kuɗi,
a madadin Kwamitin Shugabanni