Rina ƙwan Ista a gida: laifin ba na kala ba ne

Ya Edita,

Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi bayani kan rina ƙwai, aikin hannun da iyalai ke yi a ƙasashe da dama idan sanyin hunturu ya janye. Kiristocin Turai da Amurka suna yin sa don bikin Ista, wanda a lissafin cocin Yamma yake faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Girkawa ja wur suke rina nasu ranar Alhamis ɗin da Ista ke biye da ita. Iraniyawa ma suna jera ƙwai masu ado a teburin Nowruz, bikin sabuwar shekararsu, haka Misirawa a bikinsu na Sham el-Nessim. Masu gwadawa karon farko sukan ɗora wa kala laifi idan ƙwai ya fito dabbare-dabbare, alhali yawanci ɓawon ne ba su san halinsa ba.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓawon ƙwai sinadarin alli ne. A samansa akwai wata siririyar fata ta furotin da ido ba ya gani, ita ce ke riƙe kala, kuma ba ta riƙewa sosai sai ruwan na da ɗan tsami. Amfanin ruwan khal, wato binega, ke nan. Ma'aunin da ya dace shi ne rabin kofin ruwan zafi, kimanin mililita 120, da cokalin shayi 1 na farin khal, da ɗigo 10 zuwa 20 na kalar abinci. Ƙwan ya nutse duka na minti 5. Idan khal ya yi kaɗan, kalar za ta fito fari-fari. Idan ya yi yawa, tsamin zai fara cin allin, a ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ɓawon, kuma duk inda kumfa ya zauna kala ba ta shiga, sai ƙwan ya fito da zanzana. Mutum ya ga kumfa ya yi yawa, ruwa zai ƙara, ba kala ba.

Abu na biyu da ke ɓata aiki shi ne maiƙo. Yatsan da ya taɓa man shafawa yakan bar tambarinsa a jikin ƙwai. A wanke hannu, a goge ƙwan da tsumma mai ɗan danshin khal, amma kar a dirje shi, don dirzawa na kankare fatar nan da ake buƙata. Farin ƙwai ne ke nuna kala yadda take. Mai jan ɓawo yana rinuwa, sai dai shuɗi a kansa yakan koma duhu-duhu, rawaya kuwa da ƙyar ake ganin ta.

Dafawa ba ta da wuya: minti 10 zuwa 12, sannan a juye cikin ruwan sanyi. Koren zoben da ake gani a gefen gwaiduwa alamar an zarce lokaci ce, ba ya cutarwa.

Mu dai mun fi son rinin kayan miya, ko da yake yana buƙatar haƙuri. Busasshen ɓawon albasa kamar 10 a lita 1 ta ruwa yana ba da ruwan goro mai zurfi har ya kusa ja. Babban cokali 2 na garin kurkum a rabin lita yana ba da rawaya cikin ƙanƙanin lokaci, kuma yana rina hannu da tufafi, a kiyaye. Mai ban mamaki shi ne jan kabeji: a yanka rabin ƙulli, a tafasa a lita 1, ruwan ya fito shunayya, ƙwan kuwa ya fito shuɗi. Dalili shi ne launin kabejin na sauyawa gwargwadon tsami, allin ɓawon kuma yana kashe tsamin a daidai inda suka haɗu. Kowanne daga cikinsu a bar shi ya yi minti 20 zuwa 30 a ƙaramar wuta, a tace, a zuba babban cokali 1 na khal a kowane kofi. Kabeji ba ya son gaggawa. Sai ƙwan ya kwana a ciki, cikin firji. Mai son kore ya fara da kurkum, ya bari ya bushe, sannan ya tsoma a ruwan kabeji. Ganyen alayyafo da wasu ke ba da shawara ba ya ba da koren kirki. A yi jiƙon a kwalba ko kwanon tangaran, don tukunyar ƙarfe na dusashe launi. Idan an tsamo ƙwan kar a goge shi, rinin na nan da laushi, sai ya bushe da kansa. Bayan nan ɗigon man girki a tsumma zai sa ya yi sheƙi.

Ado mafi sauƙi shi ne na ganye. A jiƙa ƙaramin ganye, a manna shi a jikin ɗanyen ƙwai, a sa cikin yankin tsohuwar safar nailan, a ja ta yi tamau a ɗaure, a dafa cikin ruwan albasa. Idan safar ta yi sako-sako rini zai kutsa ƙarƙashin ganyen, hoton ya dagule. Robar ɗaure kuɗi tana ba da layi-layi, farin kyandir kuma ana rubutu da shi kafin a tsoma.

Gwanayen wannan fanni su ne mutanen Yukiren, masu ƙwan da suke kira pysanka, daga kalmarsu ta “rubutawa”. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, kuma a garin Kolomyia akwai gidan tarihinta da aka gina da siffar ƙwai. Suna zana narkakken kakin zuma da wani ɗan alƙalami mai mazurari, kistka. Duk inda kaki ya rufe, launin da ke ƙarƙashinsa ya tsira. Don haka ake farawa daga mai haske zuwa mai duhu: rawaya, ruwan goro, ja, baƙi a ƙarshe, ana ƙara kaki kafin kowace tsomawa. Wanda ya juya tsarin ya yi asara, don rawaya ba ta hawa kan baƙi. A ƙarshe a kara ƙwan a gefen harshen kyandir, ba a samansa ba saboda hayaƙi, a goge kakin.

Tun farko a raba na ci da na ajiya. Na ci, kalar abinci ko kayan miya kawai. Kar ya wuce awa 2 a waje, a firji kuma mako 1, wanda ya tsage a cikin rini a zubar. Rinin pysanka ba a cin ƙwan da ya taɓa. Na ajiya ɗanye ake rina shi, sannan a huda sama da ƙasa da allura, a fasa gwaiduwar da tsinke, a tura iska da sirinji maimakon baki, saboda ƙwayar cutar salmonela. Wanda ya fara zuƙe cikin kafin rini zai sha fama, don ɓawon da ba komai a cikinsa yawo yake a saman ruwa, sai an toshe hudojin da kaki an danne shi da cokali.

Mun gode, Edita.

Daga wasu masu koyar da aikin hannu