Babana, na kalli fim ɗin da ka turo min

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya Nima, ya lesin ɗin hutu, ya kawunka da iyalinsa. Mu nan Aboabo a Kumasi lafiya lau, mamanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Fim ɗin Indiyan nan 3 Idiots, na ɗaliban injiniya uku, da ka turo min a WhatsApp na kalle shi har ƙarshe, abu kusan awa uku, data ta dai ta tafi amma ba komai. Kuma tun kafin in ga abin da ka rubuta a ƙasa, wai Baba ka ga ai jarrabawa ba ita ce komai ba, na riga na gane inda aka dosa. Yaron da WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ke gabansa ya turo wa ubansa fim ɗin da ake zagin jarrabawa, ai ko makaho ya laluba ya san zancen. A waya ba ma daɗewa ni da kai, daga gaisuwa sai toh Baba toh Baba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Fim ɗin ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Wurin da yaron nan mai hadda ya hau mumbari yana karanta jawabi da yaren da bai iya ba, an canza masa kalmomi yana ta zuba ashar gaban manya shi kuma yana murmushi yana jin ya burge, na yi dariya har mamanka ta leƙo ta ga ko lafiya. Wurin da wuta ta ɗauke suka tattaro batiran mota suka haɗa haske aka karɓi haihuwa kuwa, wannan ɓangarenmu ne mu 'yan Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, na ji daɗinsa duk da na san an ƙara gishiri.

Amma akwai abin da ka tsallake. Shi jarumin da ke yi wa malamai ba'a yana cewa a daina hadda, da sakamako ya fito wa ya zo na ɗaya? Shi ne fa. Abokansa biyu da suka biye masa su suka riƙe ƙarshen layi. Bai ƙi karatu ba, ya fi kowa karatu a makarantar, kullum yana kwance wani inji yana ɗaurawa, an kore shi daga wannan aji ya shiga wancan ya zauna. In irinsa kake so ka zama bismilla, ni zan fi kowa murna, sai dai ka sani aikinsa ya ninka na mai hadda. Wanda ya kalli fim ɗin nan ya rufe littafi ya ja bargo, rabi ya kalla.

Sannan ƙarshensa, inda aka gano ashe ɗan mai aikin gidan wani attajiri ne, da sunan ɗan maigida ya yi karatun, satifiket ya tafi gun ɗan maigida shi ilimin ya zauna a kansa, kuma duk da haka ya zama babban masani. A fim wannan mai sauƙi ne, marubuci ne ke riƙe da alƙalami. A Ghana ɗin nan ka je jami'ar KNUST ta Kumasi ka ce musu ilimin na kaina amma ba ni da takarda ka ga ko maigadi ma zai saurare ka. Darussa shida za su haɗa maka, uku na dole wato Turanci da lissafi da kimiyya, sai uku na zaɓinka, kuma kowanne sai ya faɗa tsakanin A1 da C6. A1 maki ɗaya ne, makin na ƙaruwa in sakamako ya sauka, iya ƙanƙantar jimilla iya kyawunta, irin su likitanci da ake rububi sai wanda jimillarsa ke kusa da shida. D7 guda ɗaya a lissafi ya isa ya zaunar da yaro a gida shekara yana jiran Novdec, wato jarrabawar masu sake zama ta ƙarshen shekara, ƙannensa na wuce shi da yunifom da safe. Ba ni na tsara ba, ba kuma na ce adalci ne a auna shekara uku da zaman awa biyu ko uku a ɗakin jarrabawa ba, amma WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar, tun 1952 take, hedikwatarta ma nan Accra kusa da kai, ba za ta canza tsari bana don an yi fim a Indiya ba.

Maganar hadda kuma, fim ɗin ya ɗan wuce gona da iri. Mu da muka tashi a makarantar allo ba za a koya mana raina hadda ba. Kai kanka ka haddace izu nawa kafin ka san ma'anar aya ɗaya? Amma wane malamin kirki ne ke barin almajiri nan, ai daga sauka sai littattafai, sai fiƙihu sai tafsiri, lokacin ne abin da ka haddace yake buɗe maka. Bokon ma haka, dole ka haddace wasu ƙa'idoji, laifin shi ne a haddace a juye a takarda a fito a manta, a dawo gida kai fayau kamar ba a je ba.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a gareji. An kawo mana wata Toyota fitilar inji na kunne, tana shan mai kamar me, tana kuma rawa in ta tsaya. Maigidanmu na da, Allah ya jiƙansa, da kunne yake gane ciwon mota, ya kara sukundireba a jikin inji ya sa kunne a ƙotar ya ce maka ga inda take, kuma haka ne. Motocin yanzu ba sa wannan, kwamfuta ce a cikinsu. Akwai wani ɗalibin injiniya da ya zo koyon aiki wurinmu lokacin hutu, satin farko yara sun yi ta masa dariya don ko sifana bai iya riƙewa daidai ba, hannunsa duk ya faffashe. Shi ya jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito ta nuna sensa ɗin da ke jikin salansa. Kowa ya ce a sayo sabo a canza, kuɗi masu yawa. Yaron ya ce a dakata, ya ɗauko mita ya auna wutar da ke zuwa wurin, ya ce sensa lafiyarta ƙalau wuta ce ba ta isowa, ya shige ƙarƙashin mota yana bin waya da yatsa har ya kai inda ɓera ya ɗan gwaguye ta. Tef na sidi kaɗan ya gama aikin. Na tambaye shi ina ya koyi wannan, ya ce Masta ai fizis ɗin sakandare ne, wutar lantarki da turjiyar waya. Wannan darasin da kake cewa yana sa ka barci. Yara nawa suka ci shi a jarrabawa, amma shi nasa ya biyo shi har ƙarƙashin mota, kuma da bai ci jarrabawar ba da ba ta wannan ƙofar zai zo mana ba.

Ka kuma tuna daga ina muka fito. Kakanninmu na zango fataucin goro da shanu suka sani da karatun Muhammadiyya, makarantun boko na lokacin yawanci na mishan ne sai suka riƙe 'ya'yansu don tsoron addini, ban ga laifinsu ba, amma kuɗin wannan mu muka biya, ofis na wasu gadi da dako namu. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, makarantunmu suka samu malaman gwamnati ana Larabci ana boko. Shekarar ce kuma zamanin Rawlings aka kawo tsarin JSS, wato ƙaramar sakandare, ni ina cikin 'yan farko farko, na gama, kuɗin wucewa gaba babu, sai Suame. Kai ka tarar da sakandare kyauta tun Satumban 2017, ba kuɗin makaranta ba na kwana. Ɗan wanda ubansa ke da kamfani zai iya cewa takarda banza ce, yana da inda zai faɗa. Kai in ka faɗi a kan benci na za ka faɗo, kuma bencin ma yanzu mai ilimi yake nema.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne da ƙarfi shi ne apo, wato tambayoyin jarrabawa na sata. Na san za su fara yawo a gurup gurup na WhatsApp da Telegram, turo momo, wato kuɗi ta waya, a ba ka tambayoyin gobe. Yawancinsu 'yan damfara ne, tsofaffin tambayoyi suke canza wa shekara, wanda kuma ya zama gaskiya ya fi haɗari don WAEC na riƙe sakamako, tana soke darasi, wani lokaci ta soke duka. A 2015 takardu biyar na BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, aka soke saboda sun fita kafin lokaci, yaran da ba su ji ba ba su gani ba sai da suka sake zama. C6 ɗinka na halal ya fi min A1 na sata, wallahi har zuciyata. Ko wayar wani ka ga ana leƙawa a ɗakin kwana ka tashi ka bar wurin.

Sai yaron nan na fim da ya rataye kansa don shugaban makaranta ya ƙi ƙara masa lokaci. Nan dariya ta tsaya min. Babana ka ji ni da kyau, babu sakamakon da ya kai ranka, ko F9 ka jero daga sama har ƙasa gidan nan gidanku ne, tuwonka na nan, a sake zama a sake rubutawa, mutane da yawa ta Novdec suka bi kuma ga su nan suna aiki. In abu ya yi maka nauyi, barci ya ƙi, kirji ya cushe, ka faɗa min, in kana jin nauyina ka faɗa wa mamanka ko kawunka, kar ka ƙulle a ciki.

Kuma ni ban tsaya ran sunanka na yi shela cewa injiniya aka haifa ba kamar uban wancan mai son ɗaukar hoton namun daji. Kai ka zaɓi kimiyya da bakinka. In zuciyarka ta koma wani wuri ka fito fili mu zauna, akwai jami'ar fasaha nan Kumasi da a da ake ce wa Poli, akwai kwalejin malamai, akwai aikin jinya, har Magazin ɗin ma ba abin kunya ba ne in ka shigo da kanka a buɗe. Amma ko wanne ka ɗauka sai ka fara gama wannan da ke gabanka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na tura wa kawunka kuɗi ta momo, na littafin tsofaffin tambayoyi ne da na mota, ragowar ka sha koko da ƙosai, kar in ji an sa a data. Kawunka ya ce lissafin zaɓi ne ke ba ka wahala, ka rubuto min sunayen wuraren da suka ƙi shiga, yaron nan ɗalibin injiniya har yanzu muna gaisawa, na yi masa magana ya ce in ka dawo Kumasi ka same shi ran Asabar bayan la'asar. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka rage yawon dare a Nima, ka gaida kawunka da innarka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka